Kawun mijina ya karɓi kuɗina, yanzu zai sayar wa wani gidan

Ga saƙon da wata 'yar uwa ta turo:

"Assalamu alaikum Anti Barista, dan Allah a ɓoye sunana. Ni malamar makaranta ce, ina kuma ɗan taɓa sana'ar atamfa da leshi, ina sarowa a Kwari. Kawun mijina ya sallama min gidansa da ke Rijiyar Zaki a kan miliyan 18, na bada miliyan 12 a take, kuɗin gadon mahaifina ne da na adashi. An rubuta takarda da sunana gaban mai unguwa da shaidu biyu cewa zan cika miliyan 6 kafin ƙarshen wata mai zuwa sannan ya ban makulli da takardu. Shekaranjiya sai ya aiko wai ciniki ya tashi in zo in karɓi kuɗina, ashe wani ne ya taya miliyan 25 zai rushe ya yi shaguna, dillali har ya fara kai magina suna aune-aune. Ni gidan nake so, layinmu ne, kusa da mahaifiyata da ba ta da lafiya. Gaskiya cikon ma miliyan 4 ne a hannuna, saura 2. Maigida ya ce in haƙura kar a ɓata zumunci, ƙanina ya ce mu kai shi wajen 'yan sanda, ƙawata kuma ta ce akwai odar da kotu ke bayarwa a hana shi. Wai da gaske ne? Wallahi ko barci bana iyawa."

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Mama lafiya, ke kuma ya yaye miki wannan damuwa.

Ƙawarki ta faɗi gaskiya, akwai odar, lauyoyi suna ce mata injonshon, kuma irin halin da kike ciki ne ma aka tanade ta dominsa. Amma abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonki shine maginan nan da kika ce an fara kaiwa suna aune-aune, domin wannan yana nufin kwanaki gare ki ba watanni ba. Kotu abin da ba a riga an aikata ba take hanawa. In aka riga aka ƙulla da wancan mutumin, aka miƙa masa takardu, katafila ta shiga ta kwantar da gidan, toh babu alƙalin da zai rubuta "na hana a rushe" a kan abin da ya riga ya zama fili, sai dai a koma maganar diyya, ke kuma kin ce ba kuɗi kike so ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa ki karanta shi da niyyar gobe da safe kina ofishin lauya.

Ki fara gane cewa odar ba ita ce shari'ar ba. Mutanenmu da yawa suna ɗauka in an ce "ya samo oda" shikenan ya ci shari'a, musamman tun 2024 lokacin rikicin masarauta da kusan kullum sai ka ji a rediyo wannan kotu ta bada oda waccan ma ta bada tata. A'a. Ainihin ƙarar da zaki shigar ita ce ki roƙi kotu ta tilasta wa kawu ya cika alƙawarin da ya sa wa hannu, ya karɓi miliyan 6 ɗinsa ya baki gida da takardu. Ita odar aikinta kawai ta riƙe gidan yadda yake, kar a sayar, kar a rushe, kar a ba wani, har a gama sauraron wannan ƙarar. Shi yasa ba a zuwa neman oda ita kaɗai a tsaye, dole sai an jingina ta da ƙara.

Kuma hawa-hawa ce. Akwai ta gaggawa wadda lauya zai nema ba tare da an jira ɗaya ɓangaren ya zo ba, saboda in aka tsaya kai masa sammaci kafin a zauna an riga an yi ɓarnar, wannan ta 'yan kwanaki ce kawai, a wasu kotunan bakwai a wasu sha huɗu. Sai wadda ake bayarwa bayan an kai wa kawu takarda ya zo shi ma da lauyansa an ji ta bakinsa, ita ce mai muhimmancin, don ita ke zama daram har ranar yanke hukunci. In kika yi nasara a ƙarshe sai a bada ta dindindin. Waccan ta farkon alƙalai suna taka-tsantsan da ita sosai, tun 1989 Kotun Ƙoli ta ja layi a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya cewa sai in gaggawar ta gaske ce, ba wadda mutum ya jawo wa kansa da jan ƙafa ba. Kinga kenan in kika zauna wata biyu ana zaman 'yan uwa, yau a gidan Hajiya Babba gobe a gidan Baffa, sannan kika ruga kotu kina cewa gaggawa, tambayar farko da za a yi wa lauyanki ita ce yaushe ta sani, me ta tsaya yi?

Yanzu abin da ke gefenki, kuma yana da ƙarfi. A al'adar kotu in mutum ya karya yarjejeniya kuɗi ake sa shi ya biya. Da a ce buhun shinkafa 200 kika biya a Singa ɗan kasuwa ya ƙi baki saboda farashi ya hau, babu odar da zaki samu, alƙali zai ce a mayar miki da kuɗinki a ƙara miki bambancin farashi ki je shago na gaba ki saya, shinkafa dai shinkafa ce. Amma ƙasa da gida doka tana kallonsu daban, kowane gida shi kaɗai ne a inda yake, babu wani gida na biyu a wannan layin mai wannan lambar da ke kusa da ɗakin mahaifiyarki. Saboda haka a maganar gida kotu ta fi saurin yarda cewa kuɗi bazai maye gurbi ba. Dan Allah ki tabbatar maganar Mama da rashin lafiyarta ta shiga cikin takardar rantsuwarki, kar ki ji kunya ki ce ai sirrin gida ne, har da katin asibiti in akwai. Kuma kar ki cika nanata cewa "ai Naira ta faɗi, miliyan 12 ɗin da na bayar yanzu bata sayen komai". Gaskiya ne, tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki Naira kowa ya ga yadda siminti da fuloti suka yi tashin gwauron zabi, kuma shine ma ya sa masu tada ciniki suka yi yawa a garin nan, amma wannan kukan na kuɗi ne, lauyan kawu zai yi caraf ya ce toh ai mun yarda mu ƙara mata wani abu. Kukanki shine wannan gidan, a wannan wurin.

Sauran abin da alƙali ke dubawa bai da wuyar ganewa. Zai duba ko kina da wani haƙƙi da ya kamata a kare, takardar nan mai sa hannun kawu da mai unguwa da shaidu da kuma shaidar biyan miliyan 12 sun isa a wannan matakin, ko da ba a yi wa takardar rijista ba tana iya zama shaidar cewa an yi ciniki an karɓi kuɗi. Ba a buƙatar ki tabbatar kin ci shari'a tun yanzu, ki nuna dai akwai magana mai nauyi da ta cancanci a saurara, haka Kotun Ƙoli ta bi a shari'ar asibitin Obeya a 1987. Sannan zai auna wa zai fi cutuwa, ke in an ƙi bada odar ko shi in an bayar. Shi jinkiri kawai zai yi, gidansa na nan, kuɗinki ma na hannunsa. Ke kuwa in aka rushe ya tafi kenan.

Toh ga inda nake so ki buɗe kunne, miliyan 2 ɗin nan. Nan ne ƙafarki take da rauni kuma ba zan ɓoye miki ba. Wanda ke roƙon kotu ta tilasta wa wani ya cika alƙawari dole shi ma ya nuna a shirye yake ya cika nasa, kuma yana da halin cikawa. Yanzu lokacinki bai ƙare ba, shi yasa kawu ne mai laifi. Amma in ƙarshen wata mai zuwa ya yi babu cikon, magana ta juya, shi zai ce ke kika fara karyawa, kuma doka tana ba mai gida damar ya janye ya sayar wa wani in mai saye ya gaza cikawa a lokacin da aka ajiye. Saboda haka duk yadda zaki yi ki haɗa kuɗin nan kafin ranar, ko sarƙa da ɗan kunne ne a kai kasuwa, ko a karyar da kayan shago, ko wannan ƙanin naki mai zafin zuciya ya zuba zafin a nan ya nemo miki rance wajen 'yan uwa. In sun haɗu lauya ya rubuta wa kawu a hukumance cewa ga miliyan 6 a zo a karɓa, a haɗa da hoton daraf na banki, wato takardar da banki ke bayarwa mai tabbatar da cewa kuɗin na nan, in ya ƙi karɓa wannan ƙin nasa ma shaida ce a gare ki, lauya kuma yana iya neman a ajiye kuɗin a hannun kotu. Kuma ki gaya wa lauyanki gaskiyar inda kike tun ranar farko. Odar gaggawa da aka samo da ɓoye wani abu, ranar da ɗaya ɓangaren ya zo ya tona, a ranar ake soke ta, daga nan kuma alƙali ya daina ganin farinki.

Akwai kuma alƙawarin da ke ma zaki ɗauka a rubuce, cewa in daga baya aka gano bai kamata a baki odar ba, zaki biya kawu asarar da tsayar da shi ta jawo masa. Mutane da yawa ba a yi musu bayanin wannan sai dai su ga sun sa hannu. A yadda kika ba ni labari ban ga abin tsoro ba, amma ki sani ba kyauta ake rubuta shi ba, in akwai wani abu a takardar da baki faɗa min ba, misali an rubuta cewa kowa na iya fasawa in ya mayar da kuɗi, toh lissafi ya canza gaba ɗaya. Ki sake karanta ta layi-layi yau da daddare.

Maganar wace kotu. In gidan yana da takardar mallaka ta gwamna, wato C of O, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a sashe na 39 ta ce Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da hurumi, irin waɗanda ke zama a Sakatariyar Audu Bako da Miller Road. Na san hankalinmu ya fi kwanciya da kotun Musulunci, ta fi kusa, da Hausa ake yi, kuma a fiƙihunmu ma akwai tsayar da dukiyar da ake jayayya a kanta har a yi hukunci. Amma in aka shigar da ƙara inda babu hurumi, sai a yi shekaru ana wahala a ci nasara, a je ɗaukaka ƙara a rushe komai a ce a koma farko. Bari lauya ya ga irin takardun gidan tukuna ya zaɓa. Kar kuma wani ya ja ki Babbar Kotun Tarayya ta Gyaɗi-Gyaɗi wai ta fi ƙarfi, cinikin gida tsakanin mutum da mutum ba aikinta ba ne. In ma lokacin hutun kotu na shekara aka faɗa, akwai alƙalin da ake bari don irin waɗannan na gaggawa. Lauyan ya kuma leƙa KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ya duba fayil ɗin gidan, sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ya kuma ajiye musu wasiƙa cewa akwai rigima a kansa kar a amince da canjin suna. Ki tambaya ma a dangi ko gidan na kawu ne shi kaɗai ko na gado ne da ba a raba ba, don wannan kan ɓullo da wata rigimar daban.

Ƙaninki kuma ki ba shi haƙuri. Dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana a kama mutum saboda karya yarjejeniya kawai, kuma DPO ba shi da ikon hana sayar da gida ko ba wani gida. Abin da zai faru in kun je shine a zaunar da ku a ce toh Alhaji mayar mata da kuɗinta, a rubuta ki sa hannu, kin fita da abin da tun farko kika ce ba kya so, ga ƙiyayyar dangin miji ta har abada a kan an kai dattijo caji ofis. Haka nan kar a fasa kwaɗo a shiga gidan, kar a kai samari su kwana a ciki. A 1986 a shari'ar Ojukwu Kotun Ƙoli gwamnatin Legas guda ta taka wa burki a kan ɗaukar doka a hannu alhali magana na gaban kotu, balle ni da ke. Wannan hukuncin kuma kariya ne a gare ki, da zarar ƙara ta shiga shi ma kawu hannunsa ya ɗaure.

Abu biyu da nake roƙonki kar ki yi sakaci da su ko kafin ki ga lauya. Kar ki karɓi kuɗin nan. Ko a zaman 'yan uwa aka matsa miki, kar bakinki ya furta "toh a ba ni kuɗina", kar ki rubuta haka a WhatsApp cikin fushi, domin yarda kenan kin yi a warware ciniki. In kika wayi gari kika ga alat ya turo miki ta banki, kar ki taɓa ko sisi, a ranar lauya ya rubuta cewa baki amince ba. Na biyu, a sanar da wancan mai sayen da dillalinsa a rubuce cewa gidan nan an riga an sayar miki. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, don doka tana kare mutumin da ya saya da kuɗinsa tsakani da Allah bai san da maganar kowa ba, amma daga ranar da wasiƙa ta shiga hannunsa ya daina zama wanda bai sani ba, in kuma ya saya bayan an shigar da ƙara ya sayi rigima ne da idonsa a buɗe. Sau da yawa ma nan maganar ke mutuwa, mai miliyan 25 baya son ya zuba su inda kotu ta sa ido, sai ya janye da kansa.

Sai maigida. Ban ga laifinsa ba, tsakanin matarsa da ɗan uwan mahaifiyarsa ko mahaifinsa aka saka shi, kuma duk ɗan Kano ya san nauyin a ce matarka ta kai kawunka kotu. Ki same shi cikin natsuwa, ba gaban yara ba, ki nuna masa cewa wannan guminki ne da abin da Baba ya bar miki, kuma a Musulunci dukiyar mace tata ce. Ki tuna masa ayar farko ta Suratul Ma'ida da Allah ya umarci muminai su cika alƙawura, da hadisin da ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan uwansa. A mazhabarmu ta Malikiyya da zarar an taya an sallama ciniki ya ƙullu, warware shi kuma sai da yardar duka biyun. Ni a ganina wanda ya karɓi kuɗin marainiya sannan ya juya saboda ƙarin miliyan 7 shi ya fara taɓa zumuncin, kuma ya kamata manya su iya gaya masa haka. Ki nemi maigida ya samo wanda kawu ke jin nauyinsa, limamin unguwa ko yayansa, ga mai unguwa ma da ya sa hannu ai mutuncinsa ne a ciki. Amma sulhun ya tafi tare da ƙarar, kar ki yarda a ce miki "janye tukuna sai mu zauna". Odar tana baku sararin zama a yi magana babu fargabar katafila. In an daidaita sai a rubuta a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci, babbar kotun Kano ma tana da sashenta na sulhu da ake tura irin wannan. In a wajen sulhun kika ga zaki iya ƙara masa wani abu kaɗan don a rufe baki a zauna lafiya, wannan zaɓinki ne, ba dole ba, kuma wani lokacin ya fi arha a kan shekarun da shari'ar ƙasa ke ci, don tana ci, ga ɗage zama ga ɗaukaka ƙara. Shi yasa lauya zai roƙi a gaggauta sauraro, ya kuma saka a ƙarar cewa in kotu ta ga bazata bada gidan ba, a dawo da kuɗinki da diyya.

In an bada odar ki tabbatar ma'aikacin kotu ya kai ta hannun kawu da kansa an rubuta shaidar ya karɓa, in yana ɓuya lauya ya nemi izinin a liƙa a ƙofar gidansa. Wanda ya take oda bayan ta same shi ya raina kotu, akwai fom 48 na gargaɗi da ake kai masa, in ya ci gaba a bi shi da fom 49 ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a tura shi gidan gyaran hali, kotu kuma tana iya sa shi ya mayar da abin da ya taɓa yadda yake. Saboda haka tun yau ki sa a ɗauki hoto da bidiyon gidan daga waje yadda yake a tsaye, da maginan in sun dawo.

Abin da zaki riƙe zuwa wajen lauya, asalin takardar cinikin, rasit ko takardar banki mai nuna miliyan 12 sun fita zuwa asusunsa, lambobin mai unguwa da shaidun nan biyu, da saƙon da ya aiko cewa ciniki ya tashi. In ta waya ne kar ki goge komai kar kuma ki canza wayar, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da irin wannan shaidar in an bi ƙa'idarta, in kuma ɗan aike ya turo, ki rubuta sunansa da ranar da wanda ke wurin. Ki nemi lauyan da ya saba da shari'ar ƙasa, ya rubuta miki kuɗin aikinsa daban kuɗin shigar da ƙara daban, duk wanda ya ce miki ya san alƙali ko ya yi miki alƙawarin oda kafin azahar ki tattara takardunki ki fita. In kuɗin lauya zai ci cikon gidan, ki fara leƙa ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a nan Kano ki ji ko zasu iya ɗauka ko su haɗa ki da wanda zai sassauta miki.